Matar da Aka Kai Bencin Baya Saboda Ruwan Tsuntsaye

Ranar Talata, biyar ga Maris, 2024, da ƙarfe bakwai saura kwata na safe, wani mutum ya taka bulo biyu, ya leƙa katangar maƙwabciyarsa, ya ɗauki hoto da waya. A ranar aka fara zaluncin da zan ba ku labarinsa. Na rubuta ranar ne domin wasu sun fara cewa sun manta.

Akwai wata mata a Shagari Low Cost, nan Yola, ana ce mata Mama Fibi. Shekararta sittin da uku. Ta yi shekara talatin da ɗaya a Zumuntar Mata ta majami'arsu, kuma ita ke buga tulu idan mata sun tashi waƙa.

Mijinta, Baba Apollos, kafinta ne. Shekara biyu kafin wannan rana hawan jini ya kayar da shi. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Wata huɗu yana kwance, ido a silin, ko 'yarsu Hadassah ta zo daga Jalingo ba ya juyowa.

Wata safiya Mama Fibi ta fitar da shi bayan gida a kujera don ta wanke shimfiɗa. Akwai tsohon mangwaro a wurin, rabinsa ya bushe, rabin mai rai kuma ya yi rassa ya tsallaka katanga zuwa gidan maƙwabci. Tana cikin wanki sai ga maƙwaƙwafi, tsuntsun nan mai jan tabo a ka wanda ke saran itace da baki. Ya manne a busasshen reshe ya fara aiki. Ƙwas, ƙwas, ƙwas.

Sai ta ji wata ƙarar a bayanta. Ta waiwaya. Baba Apollos ne yake buga hannun kujera da yatsan hagu, yana bin tsuntsun.

"Baban Hadassah!" ta ce. "Ka ji ɗan'uwanka kafinta? Shi ma ba ya gaisuwa sai aiki, kamar ka."

Gefen bakinsa ya motsa. A ranar ya shanye kofin kunu har ƙasa.

Tun daga nan Mama Fibi ta ƙudura cewa tsuntsun nan ba zai bar gidanta ba. Ta fasa sare busasshen reshen da ta yi niyya. Ta haƙa rami a gindin mangwaron, ta binne tukunyar ƙasa zuwa wuya, don ruwan ya yi sanyi, wanda duk ya san ranar Yola ya san dalili. Ta zuba gero a ƙwarya. Kyanwa ta fara laɓewa, sai ta yaga tsohon zani ja ta rataye ƙwaryar a reshe. Tururuwa suka fara hawa itacen suna kwasar geron, sai ta zagaye gindin da toka, kamar yadda kowace mace ke yi wa abin da ba ta so tururuwa su taɓa.

Kowace safiya takan durƙusa ta kwashe ruwan jiya, ta zuba sabo. Dole ta durƙusa, tukunyar a ƙasa take.

Tsuntsaye suka gano wurin. Kurciyoyi ne ke fara zuwa, su yi ta tafiya kamar masu jiran mota. Sai ƙananan jajayen nan da ba su da tsoro, har ƙafar Baba Apollos suke sauka. Kabare su zo da surutu. Akwai wani kurege ɓarawo da ya koyi sauka ta kan zanin da kai ƙasa, ya cika kumatu ya gudu, Mama Fibi ta sa masa suna Ɗan Kwangila. Shi maƙwaƙwafin ba ya cin gero. Ruwa yake sha, ya koma reshensa yana tono tsutsa. Daga baya ya kawo mata, suka huda rami a reshen.

Ni kaina na zauna da su a wurin ba sau ɗaya ba. Babu abin da ke bayan gidan nan sai tsoho mara lafiya, da matarsa, da tsuntsaye masu ƙishi.

Maƙwabcin shi ne Dattijo Absalom, ɗaya daga cikin dattawan ikilisiya. Matarsa Hilda ce shugabar Zumuntar Mata. Da ya bar aikin gwamnati ya gina ɗakin kaji a jikin katangar, ya rufe da kwano, ya zuba kajin turawa ɗari biyu. A ƙarshen Fabrairu suka fara mutuwa, yau uku gobe biyar.

Bai tambayi wanda ya san kaji ba. Bulo ya taka.

Me ya gani a hoton? Mace a durƙushe gaban busasshen itace. Tukunya a binne. Jan ƙyalle. Toka a zagaye. Ƙwaryar hatsi. Duk wanda kakanninsa suka fito daga ƙauyukanmu na kudu ya san yadda wurin tsafi yake a da, kuma ban musa ba, sun yi kama. Amma tsakanin ƙofarsa da ƙofarta taku goma sha biyu ne. Na auna. Bai taka su ba.

Ranar Alhamis, sha huɗu ga wata, aka kira Mama Fibi ofishin Pasto. Dattawa biyar suna zaune, wayar Absalom a kan tebur.

"Mama, ke ce wannan?" in ji Pasto.

"Ni ce, Baba Pasto. Ruwan tsuntsaye nake canzawa."

Wani ya yi dariya.

"Tsuntsu ne ya ce ki ɗaura masa jan ƙyalle?" in ji Absalom.

"Saboda kyanwa ne, Dattijo. Zanin da ya tsufa ne ja. Da shuɗi ne ya tsufa, da shuɗi ka gani."

"Tokar fa?"

"Tururuwa."

"Kun ji ko? Kowace tambaya da amsarta a shirye. Haka suke." Ya juya ga sauran. "Ku tambaye ta wane ne kakanta a ƙauye. Ku tambaye ta wa ke riƙe da dutsen tsafin garinsu kafin bishara ta zo."

Mama Fibi ta ce, "Kakana ya mutu ban yi wayo ba. Naka kakan fa, Dattijo, a majami'a aka haife shi?"

Wannan tambayar ce ta gama da ita. Aka ce ga taurin kai, ga rashin kunya ga shugabanni. Ta roƙe su abu ɗaya: su zo da safe su zauna minti goma su ga abin da mijinta ke yi idan tsuntsun ya zo. Absalom ya ce shi ba zai sa ƙafarsa a wurin ba sai da addu'a da gatari. Babu wanda ya je.

Na yi shekara talatin da biyar ina koyarwa. Ban taɓa sa yaro durƙuso ban duba littafinsa ba. Waɗannan mutane biyar sun yanke wa tsohuwa hukunci a kan hoto ɗaya.

Lahadi, sha bakwai ga Maris, bayan waƙar mata, sakataren ikilisiya ya hau ya karanta sanarwa da lasifika. An sa 'yar'uwa Fibi Apollos ƙarƙashin horo na wata shida saboda bautar gumaka. Ba za ta ci Jibin Ubangiji ba, wato gurasa da ƙoƙon da ake zagayawa da su a sujada, ba za ta sa kayan Zumunta ba, za ta zauna a bencin baya.

Tana zaune a cikin mata da tulu a cinya lokacin da aka karanta. Hilda ta miƙo hannu ta karɓe tulun, ba ta dube ta ba.

Mama Fibi ta tashi ta bi tsakiyar majami'a har baya, mutane fiye da ɗari uku suna kallonta. Bencin da ta zauna a kai, mijinta ne ya yi shi.

A makon nan mai kayan miya ta daina karɓar kuɗi daga hannunta, sai ta ce ta ajiye a kan tebur. Iyaye suka hana yara bi ta ƙofarta. Matar da ke zuwa taya ta ɗaga Baba Apollos zuwa wanka ta aiko cewa bayanta na ciwo.

Da a nan suka tsaya, da na ce kuskure ne. Ba su tsaya ba.

Asabar, ashirin da uku ga wata, ƙarfe bakwai na safe, Absalom ya shigo da mutum kusan ashirin, da gatari biyu, da galan na kananzir. Suna waƙa. Baba Apollos yana kujerarsa a bayan gida, kofin kunu a gefe.

Mama Fibi ta tare su a zaure. "Dattijo, na ji. Ku sare. Amma don Allah ku bari in shigar da shi ɗaki tukuna."

"Bar shi nan," in ji Absalom. "Ai shi kika ɗaure a jikin itacen. Shekara biyu mutum ba ya magana, ke kina ta ƙiba. Yau za mu kwance shi, ya gani da idonsa."

"Akwai 'ya'ya a ramin reshen. Ko sati biyu ku ba su, su tashi."

"Kun ji? 'Ya'ya. Da bakinta ta faɗa."

Suka fasa tukunyar da ƙotar gatari. Suka tsinke zanin, gero ya watse. Sannan suka hau itacen, busasshe da ɗanye duka, domin Absalom ya ce kada a bar ko reshe ɗaya.

Da busasshen reshen ya faɗi ya tsage. 'Yan tsuntsaye uku suka zubo, ko gashi ba su gama yi ba, baki a buɗe. Uwar da uban suna ta kewaya sama suna kuka, su sauko su koma. Wani ya sa tsintsiya ya share 'ya'yan, ya haɗa da zanin da fasasshiyar ƙwarya, aka zuba kananzir.

Baba Apollos ba shi da baki. Yatsa ɗaya yake da shi. Ya fara buga hannun kujera, da sauri, da ƙarfi, yana wani gurnani, hawaye na bin gefen fuskar da ta shanye. Ya buga har farcen ya tsage, jini ya ɓata katakon.

Absalom ya ɗaga hannu. "Ku duba! Abin yana fita daga jikinsa!"

Suka amsa da Halleluya. Suka tafa. Wata ta yi guɗa.

Mama Fibi ta durƙusa ta rufe idon mijinta da tafin hannu, ta riƙe yatsan da ɗaya hannun. Haka ta riƙe shi har suka fita.

Washegari ta fitar da shi kamar kullum. Babu inuwa, sai kututture da baƙar ƙasa. Ya kalla, ya rufe ido. Ta kawo kunu, ya datse haƙori. Ta sa roba da ruwa a kan katanga, kurciya biyu suka zo, ta ce, "Baban Hadassah, ga baƙinka." Bai buɗe ido ba. Maƙwaƙwafin bai sake dawowa ba.

Ranar Ista ta zauna a bencin baya, aka wuce ta da faranti da ƙoƙon Jibin Ubangiji. Absalom ne ke riƙe da farantin.

Baba Apollos ya rasu ranar Alhamis, sha ɗaya ga Afrilu, kwana goma sha tara bayan saran itacen. Ni ba likita ba ne, ban ce su suka kashe shi ba. Abin da na sani, mutumin yana cin abinci har ranar ashirin da uku ga Maris, daga ranar kuma sai ɗura.

A wurin binnewa Zumuntar Mata ba su sa kaya ba, ba su yi waƙa ba. Aka ce matar mamacin tana ƙarƙashin horo, doka ba ta yarda ba. Matar da ta buga tulu a jana'izar mazajensu da iyayensu ta binne nata mijin shiru. Hadassah ce ta ɗauki waƙa ita kaɗai, muryarta ta karye a baiti na biyu.

To, kaji fa?

Bayan an sare mangwaron, waɗanda ke mutuwa uku-uku suka koma mutuwa ashirin-ashirin. Absalom ya yi azumi, ya yayyafa mai a ƙofar ɗakin. A ƙarshe Hilda ce ta je kasuwar Jimeta ta kira Callistus, mai sayar da abincin kaji da magungunansu. Ya zo da rana tsaka, maƙwabta suna zaune a inuwar ƙofa.

Ya shiga ɗakin kajin. Bai yi minti ɗaya ba ya fito a guje yana fifita da hula.

"Chineke, Allahna! Oga Dattijo, wannan ɗakin kaji ne ko gidan biredi? Wa ya rufe tagogi da leda?"

"Ni ne. Saboda iskar maƙiya."

"Wane maƙiya? Kwano a kan kansu, babu silin, taga a rufe, a Yola, a wata na huɗu! Ni ma ka sa ni ciki kwana biyu, sai dai ka kira matata. Babu ciwo a jikin kajin nan, Oga. Ka dafa su ne." Ya ɗaga kai ya dubi katanga. "Ina mangwaron da ke nan? Lokacin da na kawo maka 'yan tsaki, na ce ka gode Allah da inuwar nan, ita ke tare maka ranar yamma. Wane mahaukaci ya sare?"

Mutum tara ne a wurin, kuma huɗu daga ciki sun riƙe gatari ko sun tafa a waccan Asabar. Kafin ƙarshen wata ɗakin ya zama kango.

Magana ta zagaya unguwa, ta isa ofishin Pasto. Sai a lokacin dattijo ɗaya ya tuna cewa matarsa ma tana zuba toka a gindin buhun masara.

Ranar Juma'a, uku ga Mayu, Hilda ta zo gidan Mama Fibi da kayan Zumunta a ninke cikin leda, da mudun shinkafa.

"Mama Hadassah, ya ƙarin haƙuri? Dattawa sun zauna. An ɗage horon. Ranar Lahadi ki sa kayanki ki dawo wurinki, tulunki yana jiranki."

"Za a karanta?"

"Karanta me?"

"Sanarwa. Cewa ban yi tsafi ba."

Hilda ta gyara ɗankwali. "Ai ba sai an tona ba, Mama. Kowa ya riga ya gane. In aka karanta, mutuncin dattawa ne zai zube. Ki yi halin Kirista, ki bar wa Allah."

"Na yafe, Hilda. Tun a makabarta na yafe, don ba zan iya ɗaukar ku da shi duka ba. Amma da lasifika aka kore ni. Ba zan dawo da raɗa ba. Jikokina za su girma a garin nan, za a ce musu kakarku ce mai tsafin nan. Wace takarda zan nuna musu?"

"Ni dai aiko ni aka yi."

"To ki mayar da aiken. Shinkafar ma ki tafi da ita, mai ci ya tafi."

Da aka gaya wa Absalom, ga abin da ya ce, kuma a gaban shaidu ya faɗa: "Kishin gidan Allah ne ya sa na yi. Dattijo ba ya tsayawa gaban jama'a ya ba mace haƙuri."

Ranar Lahadi Mama Fibi ta zo sujada da kayan gida, ta wuce kai tsaye bencin baya. Mai tsaron ƙofa ya raɗa mata cewa an ce ta koma gaba. Ta ce, "Ban ji an faɗa ba." Aka kawo mata Jibin Ubangiji har wurin, ta naɗe hannu. Ta ce sanarwa ce ta hana ta, sanarwa ce za ta ba ta.

Haka take yi kowace Lahadi har yau.

Lahadi ta uku wata gwauruwa ta ɗauki jakarta ta koma kusa da ita. Ta huɗu suka zama biyar. Matar nan mai ciwon baya ta zo tana kuka, Mama Fibi ta matsa mata wuri. A Lahadin da ta wuce na ƙirga mata goma sha huɗu, sun cika bencin horo sun malala zuwa na gabansa, duk cikin kayan gida. Idan Zumunta ta tashi waƙa, layin gaba da giɓi kamar bakin tsohuwa. Baƙo ya shigo ya tambaya ko me matan majami'ar nan suka yi haka da yawa.

Dattawa kuma suna zaune a sama suna kallon takalmansu.

Saboda haka ga abin da nake nema, kuma ba a ɓoye nake nema ba.

Sakataren da ya karanta sanarwar sha bakwai ga Maris ya hau wuri ɗaya, da lasifika ɗaya, a sujadar safe ba ta yamma da babu kowa ba, ya karanta cewa Fibi Apollos ba ta taɓa bautar gunki ba, kuma dattawa sun hukunta ta ba tare da sun je sun duba ba. A soke horon a littafin ikilisiya da jan biro, a rubuta dalili a gefe.

Zumuntar Mata su sa kayansu su je kabarin Baba Apollos su yi masa waƙar da suka hana shi.

Dattijo Absalom kuma ya sauko daga kujerar dattawa, ya taka da ƙafarsa har bencin baya, ya kira sunanta, ya ce, "Na yi miki ƙarya, ki gafarta mini." Ba ta bakin matarsa ba, ba cikin leda ba. Ba za a mayar da itacen ba, ba za a mayar da mutumin ba. Sunanta ne kaɗai ya rage da za a iya mayarwa, kuma yana hannunsa.

Darasi: Kada ka yanke wa maƙwabcinka hukunci daga kan katanga alhali ƙofarsa a buɗe take. Abin da ya yi kama da mugunta a idonka, wataƙila shi ne kaɗai ke riƙe da ran wani. Kuma wanda ka kunyata a gaban jama'a, a gaban jama'a za ka wanke shi. Ku tura wannan ga 'yan majami'arku da 'yan unguwarku, ku yi ta turawa har ya shiga wayar da ta ɗauki hoton nan. Mama Fibi za ta kasance a bencin baya ranar Lahadi da ƙarfe takwas. Dattijo Absalom, ka zo ka ba ta haƙuri.